Jagorar Tara Tsofaffin Bindigogin Iska na Gas-Ram da Harbi da Su

A shekarar 1982 wasu Turawan Ingila biyu, Dave Theobald da Ben Taylor, suka fito da wata bindigar iska da suka sa wa suna Sirocco. Daga waje ba ta da wani bambanci da sauran bindigogin da ake karya bututunsu a ɗana. Amma a cikinta babu sifirin ko ɗaya. Iska ce aka matse aka kulle a cikin ƙarfe, ita ke yin aikin da sifirin ke yi, kuma wannan tsari ne ake kira gas-ram. Dabarar ta samo asali ne daga shokazobar babur mai aiki da iska. Sunan kamfaninsu, Theoben, an haɗa shi ne daga sunayen su biyun, kuma a yankin Cambridgeshire na Ingila suka yi shekaru suna ƙera bindigogi har zuwa 2012 da aka rufe kamfanin. Tun daga ranar, abin da ya rage a hannun mutane shi ke nan, ba a ƙara ba. Wannan jagora ta wanda yake son ya mallaki irin waɗannan bindigogi ce, ya kula da su, kuma ya yi harbi da su, ba ya rataye su a bango kawai ba.

Mataki na farko: san abin da ke cikin bindigar

Kada ka kashe ko sisi kafin ka fahimci wannan, domin duk kuskuren da masu saye ke yi daga nan yake farawa.

Iska iri biyu ce a cikin bindigar gas-ram, kuma ba sa haɗuwa. Ta farko tana bayan fistan, a kulle, a matse. Idan ka karya bututu ka ja shi ƙasa, fistan yana komawa baya ya ƙara matse ta, kunama ta riƙe shi. Da ka taɓa kunama, iskar nan ta buɗe ta wurga fistan gaba. Ba ta fita, ba ta ƙarewa. Tana nan don harbi na gaba. Iska ta biyu ita ce ta gaban fistan, iskar duniya da ke shiga duk lokacin da ka ɗana. Ita fistan ke matsewa cikin ƙiftawar ido, ta bi ta ɗan rami ta kori ƙwayar dalma.

Amfanin wannan tsari a bayyane yake ga duk wanda ya saba da mai sifirin. Babu wannan kaɗawar ƙarfe da ke biyo bayan harbi, babu murɗawar da sifirin ke yi wa bindiga, babu sifirin da zai gaji ko ya karye. Harbin gajere ne, mai tsini, ya wuce nan take. Amma akwai farashinsa. Ɗanawa tana da nauyi tun daga farkon ja, ba kamar sifirin da ke farawa da laushi ba. Shurin bindigar yana da kaifi. Sannan dukkan lafiyarta ta rataya ne a kan wasu 'yan zobban roba da ke tsare iskar, kuma roba mai shekara talatin ko arba'in ba ta da tabbas.

Akwai wani bambanci da ya kamata ka riƙe. Bindigogin gas-ram na zamani, irin su Nitro Piston na Crosman ko IGT na Gamo, suna da sandar gas a rufe ruf wadda ake zura wa a gurbin sifirin. Idan ta mutu sai a jefar a sa wata. Na Theoben ba haka suke ba. Jikin bindigar ne kansa ma'ajin iskar, kuma akwai bawul a baya da ake ƙara iska ko a rage. Wannan bawul shi ne darajarsu, shi ne kuma ajalin da yawa daga cikinsu, kamar yadda za mu gani.

Mataki na biyu: doka

A Ingila da Wales, bindigar iska da ƙarfinta bai wuce ft-lb 12 ba, wato jul 16.27 (ft-lb da jul ma'aunan ƙarfin harbi ne), ba ta buƙatar lasisi ga wanda ya kai shekara 18. Da ta haura haka ta zama makami mai buƙatar takardar da ake kira FAC, kuma riƙe ta ba takarda babban laifi ne. A Sikotilan, tun ƙarshen 2016, ko mai ƙaramin ƙarfin ma sai da takarda. A Jamus iyakar jul 7.5 ce, kuma ana buga harafin F cikin zane mai kusurwa biyar a jikin bindigar. Wannan ya shafi mai tarawa kai tsaye, domin samfuri ɗaya na iya zuwa da ƙarfi daban-daban gwargwadon ƙasar da aka yi wa shi.

Mai karatu da ke Najeriya ya sani cewa dokar makamai ta ƙasar ta sa bindigar iska a jerin makaman da sai da lasisin 'yan sanda ake mallaka, kuma shigo da ita daga waje yana da nasa izinin daban. Kada wani ya ce maka ai abin wasan yara ne. A ko'ina kake, takarda tukuna, sannan ciniki.

Mataki na uku: zaɓi layin da za ka bi

Mai tarawa da ba shi da layi, kuɗinsa ne ke ƙarewa kafin tarinsa ya yi ma'ana. Ga abin da ke kasuwar.

Sirocco ita ce uwa, kuma ta fito a sigogi da dama: Countryman mai sauƙin ado, Deluxe, Classic, da Grand Prix mai ƙota mai ramin babban yatsa. Na farko-farkon su ne suka fi jan hankalin masu tarihi. Daga baya kamfanin ya shigo da tsarin da ya kira H.E., inda aka sa wani ɗan nauyi mai yawo a cikin fistan. Idan fistan ya kai ƙarshen tafiyarsa yana neman ya dawo baya saboda iskar da ya matse, sai nauyin nan ya iso daga baya ya danne shi. Shi ya sa masu sayarwa ke rarrabe Theoben gida biyu, ta kafin H.E. da mai H.E., kuma kayan cikinsu ba ɗaya ba ne.

Fenman gajeriya ce, bututunta ɗan guntu, da abin rage ƙara a baki wanda shi ne kuma mariƙin ɗanawa. Akwai Taunus da Olympus, sai Evolution da ta zo daga baya. SLR-88 da ƙanwarta SLR-98 ba a karya bututunsu. Da sanda ta ƙasa ake ɗana su, kuma suna da gidan harsashi mai cin ƙwaya bakwai. Idan za ka sayi SLR, ka tabbata da gidan harsashinta za ta zo, domin samun sa shi kaɗai wahala ne kuma da tsada. Eliminator tana cikin mafiya ƙarfi, ta zarce ft-lb 20 nesa, kuma ita ce kamfanin Beeman ya sayar a Amurka da sunan Crow Magnum. Ɗana ta na neman ƙarfin da ya kai kimanin kilo 27. Ina son Eliminator, amma ba bindigar yini a filin saiti ba ce. Bayan harbi talatin kafaɗa za ta gaya maka. Dual Magnum kuwa kaɗan aka ƙera, ganinta ma sai an dace.

Gefe guda akwai HW90 ta kamfanin Weihrauch da ke Mellrichstadt a Jamus, wadda aka gina da tsarin Theoben, kuma a Amurka aka san ta da RX, RX-1 da RX-2 na Beeman. A ganina da ita ya kamata sabon shiga ya fara. Nauyinta ya kusa kilo huɗu, ƙirarta mai ƙwari ce, kayan gyaranta sun fi sauƙin samu, kuma a kanta za ka koyi halin gas-ram ba tare da ka lalata abin da ba a iya maye gurbinsa ba. Sirocco ta farkon shekarun 1980 ba wurin koyo ba ce.

Game da faɗin bututu, za ka haɗu da .177, .20, .22 da .25, wato milimita 4.5, 5, 5.5 da 6.35. Theoben sun yi bindigogi da yawa a .20, kuma masu tarawa na son su, sai dai ire-iren ƙwayar .20 ba su da yawa a kasuwa. Ka duba ko za ka iya samun ta kafin ka saya.

Wani abu da zai ba mutumin Afirka ta Yamma sha'awa shi ne katakon. Ban da katakon gyaɗar Turawa (walnut) da na bic (beech), Theoben sun yi ƙotoci da wani katako mai suna hyedua, sunan da ake kiransa da shi a Gana, itacen dazukan yankinmu ne. Yana da nauyi, launinsa ruwan zuma da ratsin baƙi. Ƙotar hyedua mai kyau tana ɗaga kuɗin bindiga sosai.

Mataki na huɗu: binciken kafin biya

Nan ne ya kamata ka ɓata lokaci. Kyawun katako na rufe wa mutum ido, don haka ka bar shi ƙarshe.

Fara da tabbatar da cewa ba a ɗane take ba kuma babu ƙwaya a bututu. Sannan ka dubi kawunan sukurori. Sukurun da aka tauna da sukundireban da bai dace ba yana faɗa maka cewa wani ya shiga ciki ba da sani ba. Dubi wurin bawul a bayan silinda. Waɗanda aka yi wa kasuwar Ingila da yawa an toshe bawul ɗinsu don kada a ƙara ƙarfi. Idan ka ga alamar an haƙe ko an fasa toshiyar, ka san an yi wasa da matsin iskar.

Daga nan ka ɗaga bindigar ka bi bututun da ido daga baya zuwa baki. Idan ya ɗan lanƙwashe sama, alama ce an taɓa sakin kunama bututu na buɗe, ya koma da ƙarfi ya bugi silinda. Irin wannan bugu kan tsaga ƙota a wuyanta, daidai inda hannun dama ke kamawa, don haka ka juya wurin a haske ka nemi siririn layi ko alamar gam. Rufe bututun ka girgiza shi hagu da dama: bai kamata ya motsa ba. Leƙa bakin bututu, inda ƙwaya ke rabuwa da ƙarfe. Ko ƙaramin rauni a wurin yana watsa harbi. Dubi zoben robar da ke gindin bututu. Hanyar gwada shi mai sauƙi ce: ɗora 'yar takarda marar nauyi a kan mahaɗar ka harba, idan ta yi tsalle, iska na zurarewa.

Yanzu sai ɗanawa, kuma a nan hannunka ne likita. Ja ya kamata ya kasance mai nauyi amma sumul, ba gurzawa, ba ƙarar ƙarfe na cin ƙarfe. Ka haɗa abin da hannunka ya ji da abin da na'urar auna gudun harsashi ta nuna. Wannan na'ura, da masu harkar ke kira kurono, ba abin ƙawa ba ce. In ba ka da ita, ka ara, ko ka ce mai sayarwa ya auna a gabanka. Ɗanawa mai sauƙi da ƙarfi kaɗan na nufin iskar baya ta zurare, kuma wannan sau da yawa ƙaramin gyara ne: sabbin zobban roba da sabuwar iska. Amma ɗanawa mai tsananin nauyi, ga harbi mai bugu kamar an sari ƙarfe, ga kuma ƙarfi kaɗan, wannan ita ce mummunar alama. An cika mata iska fiye da kima har robar kan fistan ta ƙone, iskar gaba na zillewa, fistan na dukan ƙarshen silinda. Irin wannan ka rage kuɗi sosai ko ka haƙura.

Lissafin ƙarfi ba shi da wuya. Ɗauki nauyin ƙwaya a giram, ka ninka da gudun a mita cikin daƙiƙa, ka sake ninkawa da gudun, ka raba da 2000. Misali ƙwayar .22 mai giram 0.95 da ta fita da gudun mita 180 ta ba da jul 15.4, wato ft-lb 11.35 ke nan. Yi harbi goma a jere ka dubi tazarar da ke tsakanin mafi gudu da mafi jinkiri. Gas-ram mai lafiya ba ta cika wuce mita huɗu ko biyar ba. Idan lambobin na hawa da sauka da yawa, ko hayaƙi na fita da warin ƙonannen mai, akwai matsala a gaban fistan.

Abu ɗaya da gwajin rana guda ba zai nuna maka ba shi ne zurarar iska a hankali. Mai sayarwa na iya yi mata famfo da safe ta yi kyau da yamma. Idan da hali, ka yi yarjejeniya cewa za ka sake aunawa bayan mako ɗaya ko biyu, in ƙarfin ya faɗi a dawo da ita ko a rage kuɗi.

Sai a ƙarshe ka dubi asali. Lambar jikin bindiga, launin ƙarfen na ainihi ne ko an sake yi, ƙotar ta samfurin ce ko an ɗauko ta wata, mazaunin madubin hangen nesa na saiti nata ne ko an sauya. Tsofaffin Theoben da yawa ba su da layin da ake maƙala madubi irin na sauran bindigogi. Da nasu mazaunin suke zuwa a ɗaure da jiki. Ka tabbata yana nan cikakke da sukurorinsa. Kwali, takardar bayani da famfon asali duk suna ƙara daraja, ka tambaya ko suna nan.

Mataki na biyar: iska da famfo

Idan akwai abu ɗaya da nake so ka ɗauka daga wannan jagora, to shi ne wannan: ƙarin iska ba ƙarin ƙarfi ba ne. Mafi yawan Theoben da suka lalace, ba tsufa ne ya kashe su ba, mai famfo ne. Mutum ya ga bawul, ya ce bari in ƙara kaɗan, ya ji ta yi nauyin ɗanawa da ƙara mai ƙarfi, ya ɗauka ta ƙara ƙarfi. Alhali kowace bindiga tana da iyakar iskar da ke gaban fistanta. Da an kai wani matsayi, duk abin da aka ƙara a baya ba ya shiga ƙwaya; zafi yake zama ya ƙone roba, bugu yake zama ya kashe madubi ya sassauta sukurori. A kan kurono za ka ga gudun ya daina hawa, daga baya ma ya fara sauka.

Famfon da aka yi don wannan aiki shi ne wanda ake kira Slim Jim, ɗan siririn famfon hannu, kuma ka nemi wanda ke da agogon auna matsi. Na farkon Sirocco bawul ɗinsu irin na tayar mota ne, na baya da HW90 kuwa da nasu mahaɗin. Kada ka kai ta wurin mai faci a hura mata da injin. Iskarsa da danshi take, kuma ba ka da iko a kan yawanta. Kada ka kuskura ka sa iskar oksijin ta masu walda ko ta asibiti. Oksijin a matse in ya haɗu da giris fashewa yake yi, kuma a fuskarka abin zai faru.

Ga yadda ake yi. Bindiga ba a ɗane ba, bututu babu komai. Buɗe murfin bawul, ɗaura famfo a hankali kada ka ci zaren. Yi 'yan bugu kaɗan, cire famfo, rufe, ka yi harbi biyar a kan kurono, ka rubuta matsi da gudu. Maimaita. Ka tsaya da zarar ka kai ƙarfin da aka ƙera samfurin a kai, ko da gudun bai daina hawa ba tukuna. Iyakar matsin iskar HW90 bar 26 ce a agogon famfo, kuma wannan iyaka ce, ba wurin zama ba. Mai bin dokar ft-lb 12 tana aiki ne ƙasa da haka sosai, kuma ko inda doka ta sake, ta fi daɗin harbi idan an bar mata sarari. Kada ka ɗauki lambar HW90 ka ɗora wa Sirocco ko Fenman. Kowane samfuri da nasa matsin, sai ka nemi na wadda ke hannunka daga takardarta ko wurin maƙerin da ya san ta.

Wanda ke ƙarƙashin dokar ft-lb 12 ya tsaya wajen 11 zuwa 11.3. Dalili biyu ne. Ƙwayoyi ba ƙarfi ɗaya suke bayarwa ba, kuma idan hukuma za ta gwada bindigarka ba lallai da taka ƙwayar za ta gwada ba. Na biyu shi ne zafi. Iskar da ke kulle tana ƙara matsi idan ta ɗumama: daga digiri 10 zuwa digiri 40 matsin na ƙaruwa da wajen kashi 10 cikin ɗari. Bindigar da aka daidaita da sanyin Ingila, in ta sha rana irin ta watan Afrilu a Sakkwato ko Yamai, ba ita ce ba. Saboda haka ka daidaita ta a yanayin da za ka riƙa harbi, kuma kada ka bar ta cikin mota a rana.

Idan gyara ya kai ga buɗe silinda, dole a fara sakin iskar gaba ɗaya. Wanda bai taɓa yi ba ya kai wa gwani. Bayan rufe Theoben wasu daga cikin mutanenta sun ci gaba da aikin da sunan Impact Airguns, kuma a Ingila akwai maƙeran da suka ƙware a waɗannan bindigogi. Zobban roba ana samun madadinsu, amma robar kan fistan ta musamman ce. Idan ka ci karo da ita a kasuwa, sayi biyu.

Mataki na shida: madubi da ƙwaya

Bindigar fistan tana shuri gida biyu: baya idan fistan ya tashi, gaba idan ya tsaya. Wannan na biyun ne ke wargaza madubin da aka yi don bindigar albarushi, kuma gas-ram ta fi mai sifirin tsananinsa. Sayi madubin da aka rubuta cewa yana jure bindigar iska mai fistan. Mazaunin Dampa, mai roba a ciki da ke shanye bugu, saboda wannan matsala aka ƙirƙiro shi. Idan kana son kamannin zamanin, tsohon madubin Japan na shekarun 1980 ya fi dacewa da Sirocco, amma ni ba zan ɗora tsohon madubi mai daraja a kan Eliminator ba.

Ƙwaya kuwa bututu ne ke zaɓa, ba kai ba. Samo iri huɗu ko biyar masu zagayen kai: H&N Field Target Trophy, JSB Exact, RWS Superdome da makamantansu. Ko iri ɗaya ma yana zuwa da faɗin kai daban-daban, misali 5.51 da 5.53, kuma wannan ɗan bambanci na iya rage faɗin tarin harbinka da rabi. Guji ƙwayoyi marasa nauyi na roba ko gauraye; ba sa tare fistan yadda ya kamata, kusan daidai suke da harbi ba komai. Harbi ba ƙwaya kuwa haramun ne a wannan harka, ko sau ɗaya.

Mataki na bakwai: harbin kansa

Shirya wuri tukuna. Bayan abin saiti ya kasance tudun ƙasa ko akwatin ƙarfe na kama ƙwaya, ba bangon siminti ko katako mai tauri da zai dawo maka da ita ba. Sa gilashin kare ido.

Wajen ɗanawa, kafa gindin ƙota a cinya, bugi bututu ya buɗe, ja shi har kunama ta kama. Hannun da ya ja bututun kada ya sake shi har ka gama sa ƙwaya da ɗaya hannun, kuma yatsa nesa da kunama. Tsohuwar kunama na iya zillewa, kuma bututun gas-ram in ya koma da kansa yatsa yake yankewa. HW90 ba a iya sauke ta bayan an ɗana. In ka fasa harbi, sa ƙwaya ka harba cikin ƙasa mai laushi.

Riƙon shi ne sirrin. Ƙwaya ba ta barin bututu sai bindigar ta riga ta fara motsi, don haka aikinka shi ne ka bar ta ta yi motsi iri ɗaya kowane harbi. Ɗora gaban ƙota a kan buɗaɗɗen tafin hannu, kada ka damƙe, kuma wuri ɗaya kullum. Wasu har ɗan tef suke mannawa don kada su ɓata. Gindin ya taɓa kafaɗa taɓawa kawai, kunci ya kwanta a hankali. Ka riƙe ta kamar yadda ake riƙe ɗanyen ƙwai. Kada ka ɗora katakon kai tsaye a kan tebur ko bulo. In za ka jingina, hannunka ya shiga tsakani. Ja kunama a hankali har harbin ya zo da kansa, sannan ka ci gaba da kallon wurin ta madubi har ƙwaya ta sauka. Yawancin harbin da ke kaucewa, ɗaga kai da wuri ne ya jawo shi.

Fara saiti a mita 10 don ka ga inda take zuba, sannan ka koma mita 25 ka daidaita sosai. Yi tari na harbi biyar-biyar da kowace ƙwaya, ka ba bututu harbi goma sha biyar zuwa ashirin ya saba da sabuwar dalma kafin ka yanke hukunci. Bayan haka ka gwada mita 15, 20, 30, 35 da 40, ka rubuta inda take faɗuwa a kowanne. Ƙwayar .22 mai ft-lb 11 tana lanƙwasa sosai bayan mita 30; .177 ta fi miƙewa amma ta fi wuyar ɗanawa da kaifin shuri a ƙarfi ɗaya, shi ya sa da yawa ke fifita .20 ko .22 a gas-ram. Idan tari ya fara buɗewa ba dalili, duba sukurorin ƙota da na madubi kafin ka zargi komai. Ka wanke hannu bayan taɓa dalma, kuma kada ka riƙe ƙwaya a baki.

Mataki na takwas: ajiya da rubutu

Gas-ram na iya zama a ɗane na 'yan sa'o'i ba ta gaji ba, amma ba a ajiye ta haka. Abin da ta fi tsoro shi ne zama ba aiki. Roba na bushewa ta manne wuri ɗaya, ranar da aka ɗana sai ta yage. Duk wata ko biyu ka fito da kowace ka yi mata harbi goma.

Shafe ƙarfen da tsumma mai ɗan mai bayan kowane taɓawa, domin gumin hannu tsatsa ne. Kada ka ɗiga man inji ko wani mai na fetur ta ramin iska. Yana kamawa da wuta a ciki ya ƙone robar fistan. Bututu ba ya son yawan wanki; in ya zama dole, ja ɗan ƙyalle da zare mai ƙarfi daga gindi zuwa baki, ba sandar ƙarfe ba. Kada ka bar ta dindindin cikin jaka mai soso, yana riƙe danshi. A ƙasa mai hunturu, katako na bushewa ya tsage, sai ka riƙa shafa masa ɗan man katako ka kuma nisanta shi da rana. Ma'ajiya ta kasance mai kulle, ƙwaya a wani wuri daban, yara ba su san inda makulli yake ba.

Kada ka yi gaggawar sabunta ta. Goge ƙota da samfefa ko sake baƙin ƙarfe yana rage kuɗin tsohuwar bindiga, ba ya ƙarawa. Gyara abin da ya hana ta aiki, ka bar tabon shekaru. Duk abin da aka cire, ko tsohuwar roba ce, sa shi a 'yar leda ka rubuta lambar bindigar a kai.

Kowace bindiga ka buɗe mata shafi: lambarta, faɗin bututu, ranar saye, matsin iska, ƙwayar da ta fi so, gudun da ta bayar, da zafin ranar da aka auna. Duk bayan wata uku ka sake aunawa da ƙwaya iri ɗaya ka ƙara layi. Idan gudun ya sauka da mita goma ko fiye a yanayi iri ɗaya, kada ka ɗauko famfo. Zobban roba ne suka fara sallama, kuma lokacin kai ta wurin maƙeri ya yi.